Wane fim ɗin ɗaukar hoto kuka fi amincewa da shi, kuma me kuka gani a kansa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gaji wata tsohuwar kyamara mai cin fim na milimita 35, kuma na riga na ƙarar da naɗi biyu na Kodak Gold 200 a cikinta. Hotunan da na ɗauka a waje da hantsi sun fito tas, launinsu yana ɗan karkata zuwa ruwan zinariya, amma duk wanda na ɗauka a cikin ɗaki sai ya fito dishi-dishi, inuwarsa cike da yashi-yashi. Kafin in sayi wani, ina so waɗanda suka riga ni su faɗa mini abin da suka gani da idonsu, domin abin da ke jikin kwali bai wuce suna da lamba ba.

Wani da ya daɗe yana ɗaukar hoton mutane:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, fim ɗinka lafiyarsa ƙalau, haske ne bai ishe shi ba. Lambar ISO, wato 200 ɗin da ke cikin sunan fim ɗinka, tana nuna saurin kama haske, kuma mai 400 rabin hasken da mai 200 yake nema kawai yake buƙata. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, nagetif mai launi, wato fim irin naka da hoto ke fitowa a juye a jikinsa, yana haƙuri da yawan haske amma ba ya haƙuri da ƙarancinsa, shi ya sa nake sa fim ɗin Portra 400 na Kodak sannan in saita kyamara a kan 200, wato in ba shi ninki biyu na hasken da aka rubuta masa.

Na taɓa ɗaukar mahaifiyata a bakin taga, fatarta mai duhu ce kuma tana sanye da farar riga, wanda kowa ya san yana rikita ma'aunin haske. Na matsa kusa na auna daga kuncinta, na bar rigar ta yi yadda ta ga dama. Da aka wanke, layukan goshinta duk sun fito, kuma saƙar rigar ba ta ɓace ba. Washegari na maimaita da Ektar 100 a wuri guda, sai hoton ya fito da kaifi da laushin yashi-yashin da ya fi na Portra, amma fuskar ta ɗauki ja fiye da yadda take. Tun daga ranar na ware Ektar ga gine-gine da furanni da sararin sama, inda cikar launinsa take zama ado.

Wata mai ɗaukar hoton tsaunuka da gaɓar ruwa:

Malam ya yi gaskiya game da nagetif, sai dai kada mai tambaya ya ɗauki wannan dabara ya kai ta kan fim ɗin silaid, domin a nan ne ni na sha kashi. Na saba da ƙara haske, na sayi Velvia 50 na Fujifilm, wanda asalinsa ya fito tun 1990 kuma ya yi suna wajen koren ganye, na yi masa yadda nake yi wa Portra. Cikin hotuna 36, waɗanda suka tsira ba su kai goma ba, gajimare duk ya zama fari fat babu ko alama. Kuskurena ne. Silaid hoton kansa ne yake fitowa a jikin fim, saboda haka abin da haske ya ƙona ya tafi ke nan. Amma waɗannan 'yan kaɗan ɗin, idan na ɗaga su saitin taga, har yau ban ga allon kwamfutar da ya nuna mini kore irin nasu ba. A tuna kuma cewa tsarin wankinsa wanda ake kira E-6 ne, ba C-41 na nagetif ba, kuma ba kowane mai wanki ke yin sa ba, don haka a tambaya kafin a saya.

Wani mai wanke baƙi da fari a gida:

Idan matsalarka cikin ɗaki ce, ka gwada baƙi da fari. Na yi shekaru ina kai-komo tsakanin Tri-X na Kodak da HP5 Plus na Ilford, dukansu 400 ne. A idona Tri-X ya fi bambanta baƙi da fari, HP5 kuma ya fi barin toka-toka a tsakani, wanda nake so domin zan iya ƙara masa ƙarfi daga baya. Da dare ina saita HP5 a kan 1600, sannan in tsawaita lokacinsa a ruwan wanki. Yashi-yashin yana ƙaruwa, inuwa tana toshewa, amma hoton yana samuwa, kuma babu ruwanka da launin ƙwan lantarki.

Wanda ya fara amsawa ya ƙara da cewa:

Akwai abin da na manta. Na taɓa kai nagetif guda wurare biyu a yi mini sikanin, wato a kwafe hotunan zuwa kwamfuta, ɗaya ya dawo da shi yana ɗan kore, ɗayan yana ɗan ja, har wani abokina ya rantse fim biyu ne daban. Yawancin abin da muke kira launin fim, hannun mai sikanin yana ciki. Saboda haka idan za ka gwada biyu, ka ɗauki abu guda a haske guda, ka kai su wuri guda. Fim ɗin da ba ka buɗe ba kuma ka ajiye shi a firiji, zafi yana ɓata launinsa, sannan ka bar shi ya huce daga sanyin kafin ka buɗe robarsa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma na ɗaga nagetif ɗina saitin haske, kuma lallai na cikin ɗakin kusan garau suke, ana hango yatsa ta bayansu. Zan sayi Portra 400 guda da HP5 guda, in ɗauki ƙanwata a bakin taga ɗaya da kowannensu. Velvia kuwa, Hajiya, sai na samu ma'aunin hasken da na yarda da shi.