Metal ɗin injina ya sake cinyewa

Direban Golf: Salam jama'a, wata uku da canza metal (faranti-farantin ƙarfe da karanshaf, wato sandar da ke juyawa a cikin injin, ke kwanciya a kai) yau injin ya koma ƙwanƙwasa, fitilar mai tana kamawa idan ya yi zafi, meye matsalar ne don Allah?

Bakanike: Malam an auna karanshaf kafin a ɗaura sabo? In ya zaizaye ko ka sa goma haka za su cinye, sai an kai shi an goge an sa metal daidai girmansa, a duba famfon mai kuma.

Ɗan Zariya: Zaro sandar gwajin mai ka gani, in ya koma kamar shayi da madara to gasket (shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa) ne ya ƙone ruwa na shiga cikin mai.

Direban Golf: Kai, ba a auna karanshaf ba wallahi oga