Muhawara: Busassun Bishiyoyin Fayin a Filin Alhaji, a Sare ko a Bari?

Alhaji Babba: Assalamu alaikum jama'a. Filin nan da na saya a bayan garin Ogasta, jihar Jojiya a Amurka, bishiyoyin fayin ɗinsa (pine, masu ganye kamar allura) sai mutuwa suke yi. Wasu ganyensu ya yi ja, wasu ya kakkaɓe, ɓawon ma yana ɓallewa. Na yanke shawarar duk wadda ta bushe a kayar da ita, don ita ce matattarar cutar da ke kama na kusa da ita. Wa ya san masu sara da ba su da tsada?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Daidai ka yi, Alhaji. A gida busasshen itace ba ya kwana a daji, masu itacen girki sun yi gaba da shi, shi ya sa ba mu san irin wannan matsalar ba. A share su gaba ɗaya a huta.

Malam Mai Gandu: Alhaji, Allah ya ja kwana, ka dakata da kashe kuɗin nan. Wadda ta bushe ƙurmus ba ita ke yaɗa komai ba. Abin da ke kashe fayin a kudancin Amurka galibi ƙwaron ɓawo ne, ɗan ƙarami, tsawonsa wajen milimita 3. Yana huda ɓawo ya yi ƙwai a ƙarƙashinsa, yana kuma shigowa da wata funfuna da ke mayar da katakon shuɗi-shuɗi, ta toshe hanyar ruwa. Lokacin zafi cikin wata guda 'ya'yan sun girma sun tashi. Kafin ganye ya yi ja har ɓawo ya fara zuba, tuni sun bar wurin. Suna cikin waɗanda kake gani kore shar kana murna.

Baban Hanifa: Haba Malam! Wato a bar matacciya a sare mai rai? Wannan wane irin lissafi ne?

Malam Mai Gandu: Ba kowace mai rai ba, Yaya. A zagaya a duba jikin kowace. Wadda ƙwaron ya shiga kwanan nan za ka ga ƙaro ya dunƙule a jikinta fari-fari kamar gugguru, da garin itace ja-ja a tsagar ɓawo ko a gindi. In ka ɓamɓare ɓawon ka ga hanyoyi masu lanƙwasa irin harafin S, to shi ne mugun, wanda ke bin gandu bishiya bayan bishiya. Irin waɗannan ake sarewa a fitar daga filin da wuri, har ma akan haɗa da lafiyayyun da ke gabansu ta ɓangaren da abin ke ci. In kuma hanyoyin sun fi kama da Y ko H, wani ɗan uwansa ne da ya fi bin bishiyar da ta riga ta galabaita. Kada a manta guguwar Helin ta ratsa Ogasta a watan Satumba na 2024, ta karya rassa ta girgiza saiwa, kuma itacen da ya ji rauni shi ƙwarin nan suka fi so.

Hajiya Umma: Ni ban ja da ilimin Malam ba, amma maganar ƙwaro ba ita ce a gabana ba. Busasshen fayin a ƙasa mai danshi irin ta Jojiya ba ya daɗewa a tsaye, yana ruɓewa ne ya fara jefo kai da rassa. Alhaji na da jikoki da ke zuwa hutu. Sannan a ƙasar nan, in ka san bishiyarka ta mutu ka ƙyale ta har ta faɗa wa gidan maƙwabci, kai za a iya kamawa da laifin sakaci, ba za a ce ƙaddara ba.

Malam Mai Gandu: Gaskiyarki, Hajiya. Duk wadda in ta faɗi za ta iya kaiwa kan gida, hanya, shingen maƙwabci ko wayar lantarki, a kayar da ita ko da ba ƙwaro ɗaya a cikinta. Ja-in-jata a kan waɗanda ke can tsakiyar daji ne, inda ba mai bi. Barinsu ma yana da rana: maƙwaƙƙwafi na samun abinci da sheƙa, kuma akwai wani ƙwaro mai cin ƙwaron ɓawon, wanda nasa 'ya'yan ke jinkirin fitowa daga irin bishiyoyin nan. Ka kwashe su, ka kwashe masu taya ka yaƙi.

Injiniya: Gobara fa? Ganyen nan da ya yi ja yana kama wuta nan take.

Baban Hanifa: Ka ji ko! Shi ya sa na ce a sare, a tara, a banka musu wuta a gama.

Hajiya Umma: Yaya, a nan ba a banka wuta haka kawai. Gundumomi 54 na Jojiya an hana ƙona irin wannan daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba. Sai Alhaji ya bincika ko tasa na ciki.

Malam Mai Gandu: Kuma ɗanyen itacen da aka sare kada a jingine shi jikin masu rai, ƙamshin ƙaron na kiran ƙwari. Injiniya, maganarka ta fi ƙarfi a kewayen gida, can a share sosai. Alhaji, ka kira hukumar gandun daji ta jihar, suna da jami'ai masu duba filin mutane su ba da shawara. A yi wannan kafin mai zarto ya zo, domin shi kuɗin kowace bishiya zai caje ka, ba zai ce a bar ko ɗaya ba.

Baban Hanifa: Ni dai har yanzu ban ga dalilin da mutum zai sayi fili da dalarsa ya bar wa tsuntsu kwarangwal ba. In an kayar a ajiye mini, Sallah na tafe.

Hajiya Umma: Fayin ba a gashi da shi, ƙaron zai ɓata maka naman.

Alhaji Babba: Biyar ɗin da ke bakin hanyar shiga da wadda ta karkato kan shinge, Asabar za a kayar da su in sha Allah. Sauran sai jami'in ya gani. Malam, gobe bayan Azahar zan ɗauko hoton jikin korayen da ke kusa da rafi, kamar na ga farin abin nan da ka faɗa a biyu daga cikinsu.