Ɗana ya fi son ɗan fashin, ya zan yi masa bayani?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah iyaye da malamai ku taimaka min da shawara. Sati uku kenan ina karanta wa ɗana mai shekara 10 littafin Treasure Island na Robert Louis Stevenson, na 1883, ina fassara masa kaɗan kaɗan kafin bacci, niyyata ya koyi riƙon amana daga Jim Hawkins, yaron da ya ji makircin 'yan fashin teku yana cikin gangar tuffa ya je ya faɗa wa manya.

To matsalar ita ce Long John Silver, shugaban 'yan fashin, shi ne gwanin ɗan nawa. Mutumin da ya kashe Tom, ma'aikacin jirgin da ya ƙi bin 'yan fashin, da hannunsa, yau yana wannan ɓangare gobe yana wancan, amma a ƙarshe ya sulale da jakar kuɗi ba wanda ya hukunta shi. Jiya ya ce min Baba ashe wayo ya fi gaskiya riba kenan? Wallahi na rasa amsa. Kuma shi kansa Jim ɗin sau biyu yana ficewa ba izini, gashi kuma rashin jin maganar ne ya sa suka dawo da jirginsu Hispaniola. Na nuna masa inda Jim ya ƙi guduwa daga hannun 'yan fashin tare da Dakta Livesey, likitan jirgin, saboda ya riga ya yi wa Silver alkawari, ni wajen nan ya fi taɓa min zuciya, amma shi ko a jikinsa.

In zaunar da shi in yi masa nasiha ne, ko in ƙyale sai ya ƙara hankali mu sake karantawa? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ya yi?