Ƙwayar cuta ta shiga jinin Baba, allura ta ƙi kama ta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina ne kwance a asibiti, yau kwana 16. Ciwon suga gare shi, gyambon ƙafa ne ya kai mu. Tun ranar farko aka sa masa robar fitsari. A kwana na 9 zazzaɓi ya rufe shi, yana kakkarwa yana sambatu, hannunsa sanyi ƙalau, goshi kuwa kamar garwashi. Kwana 5 ana yi masa allurar ceftriaxone, shiru. Jiya sakamakon jini ya fito, wai ƙwayar Klebsiella ce, kuma ba ta jin allurar. An rubuta wata allura mai suna meropenem, kuɗinta sai mun yi karo-karo. Baffanmu ya ce a ɗauko shi a yi na gida. Don Allah ku ba ni shawara.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku fitar da shi, ɗan'uwa. Ƙwayar da ta shiga jini tana iya taɓa ƙoda, ta sauke hawan jini cikin 'yan awanni. Suga, doguwar kwanciya, gyambo, roba, duk ƙofofi ne gare ta. Ka tambayi likita ko robar nan tana da sauran amfani, in babu a cire, in da akwai a canza. Ka duba inda aka sa allurar ƙarin ruwa, in ya kumbura ko ya yi ja, ka faɗa nan take. Masu dubiya kuma a rage su, kowa ya wanke hannu da sabulu.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Ku gode Allah an yi gwajin, da yawa ana ta canza musu allura a makance. Takardar tana nuna magungunan da ke kashe ƙwayar, ka roƙi likita ya duba ko akwai mai sauƙin kuɗi. Ka gaya masa gaskiya in Baba ya saba shan Ampiclox ko Septrin daga kemis. Rashin jin magani da ƙwayoyin cuta ke yi ba ƙaramar matsala ba ce, binciken mujallar likitoci ta Lancet ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne irin waɗannan ƙwayoyi suka kashe a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

Wata 'yar'uwa: Haka muka yi da Innarmu. Da ta farfaɗo a kwana na 3 muka daina saye saboda kuɗi, zazzaɓin ya dawo ya fi na da. Ku haɗa kuɗin kwanakin duka tun yanzu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. An yi masa allurar meropenem ta farko da la'asar, an canza robar. Baffa ma ya kawo nasa gudummawar. A taya mu da addu'a.