Hawan keken daren Asabar: tsofaffin benayen kankare na Landan, a rushe ko a bari?

Baban Sadik:
Salam 'yan uwa. Maganar hawan keken dare da muka ajiye, in Allah ya yarda Asabar ɗin nan ce. Mu haɗu a Whitechapel bayan isha, mu bi hanyar keke ta Cable Street zuwa Poplar, mu dawo ta rukunin benayen Barbican mu haye kogi zuwa National Theatre sai mu ƙare a Elephant and Castle, duka ba za ta kai kilomita 20 ba. Na zaɓi hanyar ne saboda manyan gine-ginen kankare da aka yi bayan yaƙin duniya na biyu, wasu an rushe wasu kuma doka ta hana a taɓa su. Kwanaki na bi ta inda rukunin gidajen Robin Hood Gardens na Poplar yake wlh sai da na taka birki, na kasa gane wurin, ginin da na yi shekaru ina wucewa ta gabansa. A 1972 aka gama shi, 2017 aka fara rusau, har gidan tarihi na V&A ya yanki wani ɓangare ya adana. Wanda ya taɓa zama ko aiki a irin waɗannan gidajen dan Allah ya ba mu labari kafin mu je.

Maman Ilham:
Ni shekara tara na yi a irinsu, a kudancin Landan hawa na takwas, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da hunturu bangon ɗakin yara har baƙi yake yi saboda danshi, in goge yau bayan sati ya dawo, lif kuwa in ya lalace sai in goya Ilham in ɗauko cefane a hannu in hau matakala ina hutawa a kowane hawa. Amma fa ɗakunan manya ne, falon ya ci mutum ashirin ranar suna, ga rana tana shigowa ta ko'ina, ga maƙwabta, wata tsohuwa 'yar Jamaika ita ke riƙe min yara in na tafi aikin safe. Da aka ce za a rushe har murna na yi, sai da aka watsa mu, ni aka ba ni wani gida can bayan gari, sabo ne babu danshi amma gado da durowa kawai sun cinye ɗakin, tsohuwar nan kuma tun ranar da muka rabu ban sake ganinta ba. In da gyara suka yi mana da ban tashi ba.

Injiniya Ɗan Zariya:
Hajiya abin da kika faɗa shi nake gani a wajen aiki kullum. Kankare ba ya lalacewa haka kawai, ruwa ne ke samun kafa ya shiga ya tadda rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura sai ya fasa kankaren daga ciki, in an kama shi da wuri a sassaƙe wurin a gyara rodin a sake shafewa shikenan. Wanda ba na musu a kai shi ne masu bangon da aka haɗa a masana'anta aka zo aka jera, kamar Ronan Point a Newham, 1968 gas ya fashe a ɗaki ɗaya kusurwar benen gaba ɗaya ta zube mutum huɗu suka rasu, a 1986 aka rushe shi kuma daidai ne. Amma gini mai lafiya a sa masa katafila sannan a sake zuba sabon siminti, alhali siminti kaɗai na fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, wannan ɓarna ce. Ranar da na fara ganin Barbican ginin Senate na ABU ne ya faɗo min a rai.

Alhaji na Peckham:
Yara ba ku ga abin da aka baro ba ne. Da na zo ƙasar nan karatu, ɗakin da na fara haya banɗakinsa a bayan gida yake, waje, cikin sanyin nan. Ranar da wani abokina ya samu fulat a ɗaya daga cikin benayen nan muka je masa murna, ruwan zafi a famfo, bahon wanka a ciki, hita, mun daɗe muna buɗe famfon muna rufewa. Don talaka aka gina su, kar a manta da wannan. Keke dai ƙafa ta hana, amma zan jira ku a Elephant da shayi a fulas.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni da keke nake kai abinci da dare so na san su ciki da waje, kuma abin da ke ci min rai shi ne ko an bar ginin ma ba a barin mutanen. Ku duba Balfron Tower da za mu tsaya a gabansa, hawa 26, shi kansa Goldfinger da ya zana shi sai da ya tare a ciki wata biyu a 1968 don ya ji koken mazauna, yanzu an kare shi da doka an gyara shi tsaf amma 'yan hayan da aka fitar don gyaran ba su koma ba, kasuwa aka kai gidajen. A rukunin gidajen Heygate na Elephant and Castle kuma gida sama da 1,200 aka rushe tsakanin 2011 da 2014, gidaje masu hayar sauƙi da suka maye gurbinsu 'yan kaɗan ne. Wasu kam gsky ina tsoron shigarsu da dare, baranda dogo fitila a mace lamba ba ta bin lamba, sai ka yi minti goma kana neman ƙofa ɗaya abinci na hucewa.

Ummi daga Birmingham:
A tsohon babban laburaren Birmingham na rubuta rabin digirina, wanda yake kamar dala an kife ta. Mutane na cewa mummuna ne, ni dai can nake samun natsuwa. A 2016 na tsaya bakin shinge ina kallon injin yana gutsurar hawan da nake zama, sai da na yi hawaye. Sabon yana da kyau ina zuwa, amma ban ga abin da ya hana a bar duka biyun ba. Yaya Baban Sadik mata na cikin tafiyar? In eh zan shigo jirgin yamma.

Baban Sadik:
Suna ciki Ummi, Maman Ilham ma ta ce za ta zo da 'yarta. Kowa ya duba fitilarsa, fara a gaba ja a baya, doka ce, a sa hular kwano da riga mai ƙyalli, ni zan taho da famfo da kayan faci. A Barbican sauka za mu yi mu tura kekunan kuma a rage murya, mutane na barci a sama. Baba mutum 14 ne zuwa yanzu, a ƙaro kofuna.