Ƙwallona na lanƙwasawa hagu a wasan golf, daga ina zan fara gyara?

Sabon Ɗan Wasa:
Assalamu alaikum. Da hannun dama nake buga golf. In na ɗauki direba, wato doguwar sandar bugun nesa, ƙwallo takan tashi ta ɗan nufi dama, sai ta lanƙwaso hagu da ƙarfi, ƙasa-ƙasa, ta yi ta gudu har cikin ciyawa. Huk ke nan. Da ƙarfe mai lamba 7, wato sanda mai kan ƙarfe ta matsakaicin zango, abin da sauƙi. Riƙo zan fara gyarawa ko tsayuwa?

Mai Horarwa:
Wa alaikumus salam. Fara da riƙo, Malam. Huk na faruwa ne idan fuskar sanda ta kalli hagun hanyar da kan sandar yake bi a daidai lokacin bugu. Kai hanyarka tana fita dama da yawa, fuskar kuma a rufe take, wato tana kallon hagun hanyar.

Tsaya kamar za ka buga, ka dubi bayan hannunka na hagu. In kana ganin ƙasusuwan gindin yatsu 3 ko 4, hannun ya juya dama fiye da kima. Murɗa shi hagu har sai 2 kawai kake gani. Hannun dama ma ka hana shi shigewa ƙarƙashin mariƙi. Tafinsa ya fuskanci inda ka nufa, kada ya kalli sama. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta nuna tsakanin haɓarka da kafaɗar dama. Ben Hogan, shahararren ɗan wasan golf na Amurka, ya daɗe yana fama da huk, kuma sassauta irin wannan riƙon na cikin abin da ya raba shi da ita. Da farko ƙwallo za ta riƙa tafiya dama. Kada hakan ya sa ka koma gidan jiya.

Tsohon Kadi (mai ɗaukar wa ɗan wasa sanduna):
Gaskiya ne, amma riƙo kaɗai ba ya gama aikin. Da yawa ƙugunsu ne ke tsayawa kafin bugu, sai hannuwa su wuce su kife fuskar. Ci gaba da juyawa har bakin bel ɗinka ya kalli inda ka nufa, nauyinka kusan duka a ƙafar hagu.

Ɗauki ƙarfe mai lamba 7, ka yi rabin lilon sanda, daga ƙugu zuwa ƙugu, ƙwallo 20. Bayan kowane bugu ka tsaya: bakin kan sandar ya nuna sama. In fuskar tana kallon ƙasa, wuyan hannunka ya yi saurin juyawa. Don gyaran hanya, ajiye hular da ake rufe kan direba da ita kamar taƙi ɗaya gaban ƙwallo, ɗan dama da layin bugu. In ka doke ta, ka fita waje da yawa.

Abu ɗaya da nake roƙonka: daina karkata jiki dama don tsoron hagu. Hakan ƙara huk ɗin yake yi. Da direba kuma ƙwallo ta zauna daidai cikin dunduniyar hagu. In ta koma baya, sanda na samunta tun tana kan fita dama.

Mai Gyaran Sanduna:
Ɗan'uwa, tunda direba ce ta fi damunka, duba inda ƙwallo ke taɓa fuska kafin ka canza komai. Shafa hoda a fuskar, ka buga 5. In tabon yana can wajen baki, nesa da inda kan ya haɗu da sandar, wannan kaɗai na iya jawo huk ko da lilonka lafiya yake, domin kan direba yakan ɗan murɗe a bugun gefe, ƙwallo ta ɗauki juyin hagu. Matso kusa da ƙwallo kamar inci ɗaya ka sake gwadawa.

Ƙarafa kuma, in bakin kai yana ɗagewa sama lokacin bugu, ƙwallo za ta ja hagu, musamman a gajerun sanduna. Don gyara wannan, ana lanƙwasa wuyansu digiri 1 ko 2. In direbarka mai sukurun saiti ce, tabbatar ba a kan saitin da ke rufe fuska take ba.