Likita ya ce maigida ya rage ci, ni kuma tukunya ɗaya gare ni

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Gwammaja, 'ya'yanmu shida, mu takwas ke nan a gida, ban da Hajiyar maigida da ake kai wa kwano kullum da daddare. Maigida ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekararsa 47. Sati uku da suka wuce ya dawo gida da ciwon kai da jiri, muka tafi asibiti. Jininsa ya nuna 152/96, aka sake aunawa bayan kwana biyu bai sauka ba, aka ɗora shi a kan magani. Sugansa na safe kafin ya karya ya fito 6.4. Nauyinsa kilo 96. Likita ya ce bai kai ciwon suga ba amma yana bakin ƙofa, ya rage kalori, ya rage gishiri. Layi ya yi tsawo, ban samu na tambayi mene ne kalorin ba.

Ga yadda yake ci. Da safe shayi babban kofi da madara da suga cokali huɗu, da burodi da wainar ƙwai. Da rana a kasuwa garau-garau da mai da yaji, ko gurasa, ya kora da lemon kwalba mai sanyi, wataran biyu. Da la'asar fura. Da daddare tuwon shinkafa malmala uku. Idan ya fita majalisa bayan isha'i kuma akwai tsire.

Maƙwabciyata ta ce in hana shi shinkafa kwata-kwata, sai tuwon alkama da acca. Na gwada kwana takwas, ina ɗora tukunya biyu, kuɗin cefane ya ƙi kai mu. Shi kuma ya ce ba ya ƙoshi. Hajiya da ta ji labari ta kira ni ta ce kada in ramar mata da ɗa. Wallahi tsoro nake ji, mahaifinsa ciwon suga ne ya yi ajalinsa bayan an yanke masa ƙafa. Me zan dafa wanda gida duka zai ci, shi ma ya amfana?

Maman 'Yan Biyu, Kurna:

Allah ya ba shi lafiya. Ki daure da alkamar da accar, haka muka yi wa babanmu. Sugan shayi kuma ki maye shi da zuma ko mazarƙwaila.

Ma'aikaciyar jinya, Hotoro:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, an gano abin da wuri. Sugan safe daga 7.0 zuwa sama shi ake kira ciwon suga idan an maimaita gwajin ya tabbata, shi kuwa yana 6.4, akwai sauran hanyar komawa baya.

Kalori ma'auni ne, kamar yadda kike auna hatsi da kwano, sai dai shi ƙarfin da abinci ke bai wa jiki yake aunawa. Abin da jiki ya ƙona ya tafi, abin da ya yi saura ya zama kitse, yawanci a tumbi. Namiji baligi yakan buƙaci wajen 2,500 a rana, mace wajen 2,000, wanda kuma ya wuni a zaune a kan dila yana jiran masu saye buƙatarsa ba ta kai ta mai dako ba. Abinci mai sitaci, irin shinkafa da masara da burodi da suga, kowane giram ɗaya kalori 4 ne. Furotin, wato abin gina jiki da ke cikin wake da ƙwai da nama da kifi, shi ma 4. Mai kuwa 9 ne, ya fi ninki biyu. A nan yawancinmu muke faɗawa ba mu sani ba, domin mai ba ya cika ciki, ba ya kuma cika ido.

Ki lissafa da kanki. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne ko kusa da haka. Mai sayar da garau-garau idan ta kamfato ludayi ta kwarara a kai, cokali uku ba ya mata wuya, 360 ke nan, tun ba a ƙirga shinkafar ba. Shinkafar kanta, faranti a cike ya yi tozo, ta haura 500. Lemon kwalba na 50cl yana ɗauke da suga wajen giram 50, cokalin shayi 12 ke nan, kalori 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce wajen giram 50 a wuni ga baligi, idan an tsaya a 25 ya fi. Kin ga kwalba ɗaya ta cinye rabonsa na wuni guda, ga cokali huɗu na safe, ga wanda ke cikin fura. Kuma abin sha ba ya ƙosarwa, yana gama sha zai ci abincinsa daidai yadda ya saba.

Maman 'Yan Biyu, ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki. Zuma da mazarƙwaila duk suga ne a wajen jiki, suna ɗaga sugan jini. Tuwon alkama ma sitaci ne, idan ya ci malmala uku na alkama bai tsere wa komai ba. Fifikon da alkama ko gero ko dawa suke da shi yana cikin dusarsu, ita ke sa abinci ya narke a hankali, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Idan an surfe an tankaɗe an zubar da dusar, an zubar da fifikon.

Don haka ki sauke tukunya ta biyun. Abin da za ki canja shi ne zubin farantinsa: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa, ɗaya kashin da ya rage kuma wake ko kifi ko ƙwai ko awara. Tuwo malmala ɗaya da rabi, miya ta yi yawa, ta ganye mai kauri, alayyafo ko zogale ko rama, ba mai yana iyo a kai ba. Idan shinkafa da wake ne, waken ya rinjayi shinkafar. Kafin ki ajiye masa tuwon, fara miƙa masa kwaɗon zogale ko yankakken gurji da kabeji da tumatir. Zai ƙoshi.

Kuma ba ramar da Hajiya ke tsoro ake nema ba. A Amurka an yi wani babban bincike a kan masu irin matsayinsa, aka fitar da sakamakon a 2002: waɗanda aka sa su rage wajen kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, suna motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. A jikin mai kilo 96, kilo 6 zuwa 7 ke nan, a cikin watanni, ba cikin sati biyu ba.

Wani ɗan'uwa, Fagge:

Hajiya, ni ɗan kasuwa ne, bari in faɗa miki abin da ba ya zuwa gida. Duk baƙon da ya zo shago sai an aiki yaro ya kawo lemo, kuma ba ka barin baƙo ya sha shi kaɗai. Ranar da ciniki ya buɗe sai ka sha uku ba ka ƙirga ba. Ga mai gyaɗa, ga mai dabino, ga mai awara soyayya, kowa ya gifta sai an taɓa. Ni ma an taɓa gaya min irin wannan maganar. Na sa aka riƙa ajiye min ruwa a shago, baƙo a kawo masa lemonsa ni in ɗauki ruwa, babu wanda ya taɓa jin haushi. Sannan na daina hawa adaidaita daga bakin kasuwa, sai na taka minti 20 tukun. Duk gyaran da za ki yi a gida, idan shi bai yarda ya gyara na kasuwa ba, aikin banza ne. Ki zauna da shi cikin lalama, ko ki haɗa shi da abokinsa da yake jin maganarsa. Idan da hali ki riƙa zuba masa na rana a kula.

Wata 'yar'uwa:

Akwai shayin rage tumbi da nake sayarwa, kwana bakwai an ga canji. Ki yi min magana ta sirri.

Ma'aikaciyar jinya, Hotoro:

Don girman Allah kada ki ba shi. Mutum yana shan maganin hawan jini, ba a san abin da ke cikin haɗin ba. Da yawa daga irin waɗannan gudawa da yawan fitsari suke sawa, ruwan jiki ke fita ba kitse ba, kuma ƙoda ce ke ɗaukar wahalar. Maganinsa na asibiti kuma kada ya daina don ya ji sauƙi.

Hajiya Babba, Mandawari:

'Yata, na haura shekara sittin, a cikin birni aka haife ni. Da muna yara tuwon dawa ne da miyar kuka da daddawa, da safe ɗumame ko koko, da rana fate ko dambu cike da zogale. Shinkafa sai Juma'a ko sallah. Mai kuwa da ƙaramin cokali ake ɗiga shi, man shanu ne a kan tuwo, ka ji ƙamshinsa ya ishe ka. Ban ce da can babu ciwo ba, akwai yunwa ma wasu shekarun, amma mutum yana tafiya da ƙafarsa daga Mandawari har Kurmi ya dawo. Abincin da wannan malamar asibiti take lissafa miki duk namu ne na gado, ba sai kin nemo na Turawa ba.

Zancen surukarki shi ya sa na yi magana. Kada ki yi jayayya da ita, uwa ce, ta ga mijinta ya rame kafin ya tafi, shi ya sa rama take ba ta tsoro. Ki sa ɗan nata ya gaya mata da bakinsa, ko ku tafi da ita asibiti ranar komawa ta ji daga likita. Ki kuma tuna musu hadisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan raba ciki uku: kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Wannan ba za ta musa ba.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti mai aikin asibiti, gishirin fa? Ni ba na sa gishiri da yawa, magi nake sawa, shida ko bakwai a miya. Sannan yara su ma in rage musu? Ni kaina ina shayarwa, kullum a gajiye nake.

Ma'aikaciyar jinya, Hotoro:

Ai magin shi ne gishirin, kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. Abin da ake so baligi ya ci bai kai giram 5 a wuni ba, cokalin shayi ɗaya, haɗe da na cikin burodi da yajin tsire da garin Indomie. Ki riƙa rage ɗaya duk sati, ki ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi. Harshe yana sabawa, idan an yi a hankali ba wanda zai ture kwano.

Yara kada ki rage musu abinci, suna girma ne. Lemo da alawa za ki rage, ki ƙara musu wake da ƙwai da gyaɗa da nono. Ke ma mai shayarwa ba ki cikin masu ragewa, ƙari ma kike buƙata. Gajiyar nan ki je a duba jininki, ƙarancin jini ya yi yawa a cikin mata masu shayarwa. Hanta da nama da wake da ganye suna da sinadarin ayon mai gina jini. Ki haɗa su da lemon zaƙi ko gwaiba ko tumatir ɗanye, bitamin C ɗinsu yana taimaka wa jiki ya ɗauke shi. Shayi kuma yana tare shi, ki raba shi da abinci da kamar awa ɗaya.

Ganye a unguwa yana tsada, amma idan kun haɗa kuɗi ku uku ko huɗu aka je 'Yankaba da sassafe, ko Na'ibawa don kayan marmari, za ki ga bambanci. Zogale da rama ki shanya a inuwa ki adana. Ranar komawa asibiti ki roƙi likita ya tura ku wajen masanan abinci, manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano suna da sashensu, za su tsara masa daidai jikinsa.

Mai neman shawara:

'Yan'uwa na dawo bayan kwana goma sha biyu. Na sa alama a jikin kwalbar mai, sai na ga lita ɗaya kwana huɗu take mana. Yanzu da cokali nake aunawa, wannan kwalbar yau kwananta bakwai da saura. Sugan shayinsa ya koma cokali biyu. Abokinsa na shago ya yi masa magana, ya ce lemo sau biyu kawai ya sha a satin nan. Jiya na yi dambun masara da zogale mai yawa, gida duka aka ci, aka kai wa Hajiya, kwanon ya dawo babu komai. Tuwon dare ne har yanzu muke ja, na zuba biyu ya nemi na uku, na ƙara masa miya da kifi ya haƙura. Ranar Talata za mu koma asibiti, Hajiya ta ce da ita za a je. Wadda ta san yadda ake dama fura ta yi daɗi ba suga, don Allah ta koya min.